Inda 'Yan Dakon Laleli Ke Cin Abincin Rana

Mu da muke zuwa Santambul saro kaya, lissafinmu bai wuce abu huɗu ba: tikiti, masauki, kuɗin kaya, kuɗin kago. Ba mai sa ciki a lissafi, alhali shi ne yake zuƙe dala a hankali ba a ankara ba. Sai ka ga mutum ya ɓata rabin wuni yana jan ciniki don a rage masa rabin dala a kan rigar yara, da yamma kuma ya zauna a gidan abincin bakin babban titi ya biya kuɗin riga uku a faranti ɗaya, ko tari bai yi ba. Abin haushin ma, abin da aka ba shi ba shi ne Turkawa suke ci a gidajensu ba. Abincin baƙi ne, an dafa shi don baƙi, an sa masa kuɗin baƙi.

Yawancin mutanenmu a Aksaray da Laleli suke sauka, saboda nan shagunan sari da ofisoshin kago suke, kuma jirgin ƙasan cikin gari na layin T1 ya ratsa ta tsakiyar unguwar. Cimarsu kuwa sananniya ce: döner, wato shawarmarsu, da rana, kaza da soyayyen dankali da dare, in marmarin gida ya taso a gangara wajen Kumkapı a nemi gidan abincin 'yan Afirka. Ban ga laifinsu ba, baƙo da abin da ya sani yake riƙo. Amma garin da ya haura mutum miliyan 15, mafi yawansu ma'aikata da 'yan ƙwadago, ai dole akwai inda suke ci su ƙoshi kullum ba tare da albashinsu ya ƙare a tsakiyar wata ba.

Maigidana, wanda ya sa ni a wannan harka, shi ya nuna min hanyar, kuma ba da baki ya yi min bayani ba. Muna zaune a wani shagon kayan yara a Laleli ana haɗa mana kaya, wajen sha biyun rana, sai ga wani saurayi ya shigo da babban tire a kafaɗa, kwanuka a rufe, burodi a yanke a gefe. Ya ajiye wa masu shagon ya fita. Bayan sun gama ya dawo kwashe kwanukan. Alhaji ya taɓo ni da gwiwar hannu.

"Kai, tashi ka bi yaron nan ka ga inda zai mayar da kwanukan nan."

Na ce, "Alhaji, lafiya?"

"Je ka dai. Duk inda ya shiga, can za mu ci abinci."

Na bi shi. Muka bar babban titin, muka yi kwana biyu, muka gangara wani lungu da 'yan dako suke ta turo amalanke cike da dilolin kaya. Ya shige wani shago da ko a mafarki ba zan ce gidan abinci ba ne in ba don gumin da ya rufe gilashin tagarsa ba. Ba hoton abinci a ƙofa, ba mai kiran mutane. Tebur bai fi takwas ba, duk a cike: tela da tef ɗin awo a wuya, 'yan dako biyu, wani dattijo mai kwat yana cin miya da cokali yana kallon labarai a talabijin ɗin da aka maƙala a kusurwa. Daga bakin ƙofa akwai doguwar kanta mai gilashi, a bayanta an jera manyan tire-tiren ƙarfe a kan ruwan zafi, kowanne da irin girkinsa, sai wani kuku mai ƙiba riƙe da ludayi. Irin wannan wuri shi suke kira esnaf lokantası, gidan abincin masu sana'a. Tun daga ranar, duk unguwar da na shiga, su nake nema.

Tsarin wurin shi ya fi komai yi wa baƙo sauƙi, domin ba ka buƙatar Turkanci. Ba takardar jerin abinci za a miƙo maka ka tsaya canki-canki ba. Ka je gaban kantar, ka duba da idonka, ka nuna da yatsa. A wasu wuraren kai za ka ɗauki tire ka bi layi ka biya a ƙarshen kantar, a wasu kuma ka nuna ka je ka zauna a kawo maka, sai ka gama ka biya wa mai gidan da ke zaune bakin ƙofa da akwatin kuɗi. Ka ga kujera ba kowa a teburin da wasu ke ci, zauna abinka, haka ake yi. Mai kawo abinci zai ce maka "abi", wato yaya, kai kuma in za ka yi wa mai ludayi magana ka ce masa "usta", wato gwanin sana'a. Burodi yana kan tebur a kwando ko a babbar roba, ci iya cinka, a yawancin irin waɗannan wurare ba a lissafa shi. Ruwan roba da ka tarar a tebur kuwa in ka ɓalle murfinsa ya shiga lissafi.

Akwai dabara ɗaya da ta fi duk sauran rage min kashe kuɗi. Baturke ba ya cika faranti ɗaya da abu ɗaya, ƙananan kwanuka yake tarawa. In ka ce "az" kafin sunan abinci, za a zuba maka kamar rabin kwano, a rage maka kuɗi. Za ka ji suna ta faɗa, "az kuru, az pilav", wato ɗan wake da 'yar shinkafa. Da haka mutum zai ɗanɗani abu uku da kuɗin da bai kai na cikakken farantin nama ɗaya ba. Tarkon wurin kuwa ido ne. Kowane kwano da kuɗinsa, har ɗan salak ɗin nan da kayan zaƙin da aka jera su suna ƙyalli daf da wurin biya. Wanda ya bi layi da yunwa yana ɗorawa yana ɗorawa, sai ya iso gaban mai karɓar kuɗi ya tarar arahar ta gudu. Ni ƙa'idata uku ce: miya, abin romo ɗaya, shinkafa ko ɓarzajjiyar alkama da suke kira bulgur. In aljihu da nauyi a ƙara ayran, kindirmon nan da ake damawa da ruwa da ɗan gishiri.

Miyar da ba ta yankewa ita ce mercimek, ta adas, wadda duk wanda ya zauna Saudiyya ko Sudan ya san ɗanɗanonta. Ana kawo ta da yankin lemon tsami, ka matse, ka tsoma burodi. Tana da 'yar'uwa, ezogelin, wadda aka ƙara wa bulgur da na'a-na'a da jan barkono, ita ta fi kwanta min a rai ranar sanyi. A ɓangaren romo akwai tas kebabı, gutsattsarin nama da aka dafa da tumatir da albasa har ya yi laushi. Akwai İzmir köfte, dunƙulen niƙaƙƙen nama da dankali. Akwai karnıyarık, doguwar baƙar gautar nan tasu da aka tsaga cikinta aka cusa nama aka gasa. Kwanon nama kullum ya fi na ganye tsada nesa ba kusa ba, don haka 'yan dakon da kansu sun fi ɗaukar wake, ko nohut, wani wake mai kama da gurjiya, ko türlü, wato tarkacen kayan lambu da aka dafa wuri ɗaya da ɗan nama ko babu.

Kuɓewa ma akwai, bamya suke ce mata. Ranar da Alhaji ya fara hango ta ya yi murna, da aka zubo kuma ya ɗaga cokali ya ga ba ta ja. 'Yan ƙanana suke tsinka, su dafa su ɗungurungum da tumatir da lemon tsami, kuma duk ƙoƙarin mai girkin shi ne kada ta yi yauƙi. Alhaji ya ce, "Mutanen nan sun raba kuɓewa da aikinta." Ya cinye dai, har da suɗe kwanon da burodi.

Maganar yaji kuwa a faɗi gaskiya: girkin Santambul ba ya da zafi. Man shanu, tumatir, albasa, shi ke nan. A tebur za ka ga ɗan kwano na dakakken jan barkono, pul biber, wanda a harshen Bakano ƙamshi ne kawai. Ƙananan barkonon da aka jiƙa a ruwan tsami sun ɗan fi shi cizo. Ni ƙullin yajina na gida ba ya barin aljihun rigata, kuma ban taɓa ganin wanda ya harare ni don na barbaɗa ba. Wani kukun ma ya nemi in sam masa, ya lasa, ya yi ta fifita bakinsa da hannu abokan aikinsa na yi masa dariya.

Abin da ya fi wahalar shiga kan mutanenmu shi ne lokaci. Mu mun saba sai an tashi daga kasuwa, an yi Isha, sannan a zauna cin abinci mai nauyi. Waɗannan gidaje kuwa na rana ne. Tun asuba ake ɗora tukwane, da safe miya ce kawai ta nuna, kuma Turkawa da yawa da ita suke karyawa. Daga sha ɗaya da rabi zuwa biyu komai ya kammala, yana tururi. Abin da aka dafa na ranar ne, in tire ya ƙare ya ƙare. Ka zo bayan La'asar ka tarar da ƙarshen tukunya, maiƙo ya kwanta a sama, wasu ma sun fara kife kujeru. Ranar Lahadi kuma, da yake babbar kasuwar Kapalıçarşı da yawancin shagunan sari a rufe suke, gidajen da suke ciyar da su ma suna hutu. Saboda haka na juya tsarina: babban cina da rana, kusa da Azahar, da dare kuma abu mara nauyi.

Yadda nake gane wurin da zan shiga da wanda zan wuce ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Daga Sultanahmet zuwa Sirkeci, unguwannin 'yan yawon buɗe ido, duk inda ka ga an tsayar da mutum a ƙofa da takardar abinci mai hotuna cikin harsuna biyar, yana yi maka sallama da Larabci don ya ga hularka, to hayar wurin da albashinsa duk a farantinka za a cire. A irinsu ne ake kawo tulun ƙasa da aka dafa nama a ciki ana kunna masa wuta ana fasa shi gaban mutane ana ɗaukar hoto. A irinsu ne kuma wani abokin tafiyarmu ya gayyace mu, aka cika mana tebur da ƙananan kwanukan da ba wanda ya nema, ya ɗauka karamci ne, sai da lissafi ya zo ya gan su a jere ɗaya bayan ɗaya, har da kuɗin zama. Tun daga farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci a Turkiyya su kafa farashinsu a bakin ƙofa da kan tebur, don haka kada kunya ta hana ka tsayawa ka karanta kafin ka shiga. Wurin kirki kuwa sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ne kacal daga wannan babban titin. Alamarsa gilashi mai gumi, farashi a rubuce a allo, da masu ci cikin kayan aiki suna sauri. In kana amfani da taswirar waya, rubuta esnaf lokantası ko ev yemekleri, wato abincin gida, sannan ka duba da wane harshe masu yabon wurin suka yi rubutu. In duk Turkanci ne, ka kama hanya. Amma tambayar yaron shago ta fi waya. Kada ka ce masa ina ne gidan abinci mai kyau, zai tura ka inda yake ganin ya dace da baƙo mai dala. Ce masa shi a ina yake ci.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin ko mai gaggawa ya kamata ya ba shi rana guda. Daga Laleli ka haura ta gefen jami'ar Istanbul, tafiyar ƙafa ce ba mai nisa ba, sai dai hawa, za ka fito masallacin Süleymaniye, wanda Mimar Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. Tun asali ba masallaci kaɗai ba ne, an haɗa shi da makarantu da asibiti da ɗakin girki na ciyar da ɗalibai da mabuƙata. A jikin tsofaffin gine-ginen makarantun, daura da harabar masallacin, masu wake suka yi layi, teburansu a waje. Mafi suna a cikinsu shi ne Erzincanlı Ali Baba, wanda ke ƙirga shekarunsa daga 1924. Abinci ɗaya ne ya tara mutanen: kuru fasulye, farin wake da aka jiƙa ya kwana, aka dafa a hankali da man shanu da markaɗen tumatir har romon ya yi kauri ya yi ja, ƙwayar na nan yadda take amma tana taɓa harshe ta narke. Ana ɗora masa busasshen jan barkono guda ɗaya a sama, a kawo shinkafa mai maiƙo a kwano dabam, da jiƙaƙƙun kayan lambu masu tsami a gefe. Garau-garau ne da ya je birni ya yi arziki. Turkawa suna ji da wakensu ƙwarai, har gardama suke yi a kan na Erzincan da na İspir wanne ya fi. Na yi sallar Azahar a ciki, na fito na ci, na zagaya bayan masallacin inda ake hango ruwa da jiragen da ke kai da kawo. Kuɗin ya ɗara na lungun Laleli, amma bai kama ƙafar na Sultanahmet ba.

A nan ne zan faɗi ra'ayina game da gidajen da suka yi suna. In ka hau jirgin ruwa daga Eminönü da katinka na Istanbulkart, wanda ake biyan kuɗin mota da jirgi da shi, ka tsallaka Üsküdar, ɓangaren Asiya, akwai Kanaat Lokantası da ke aiki tun 1933. Kana shiga kayan zaƙi ne za su tare ka, har da kabewa da aka dafa da sukari, sai jerin ganyayyakin da aka dafa da man zaitun ake ci da sanyi, sannan can ciki manyan tukwane. Girki ne na gaske, ba na musu. A Beyoğlu kuma akwai Hacı Abdullah, wanda aka kafa tun 1888. Sai dai waɗannan na ranar da ciniki ya yi kyau ne, ko ranar da za ka karrama wani. Tsarin nuna-da-yatsa ɗaya ne, abincin gida ne, amma suna ma kuɗi ne da shi. Mai neman araha kada ya ji an ce "lokanta" ya ɗauka duk kanwar ja ce.

Wani nau'in da na makara ban gano ba shi ne ƙananan shagunan da mata ke riƙewa, masu rubutun ev yemekleri a ƙofa. Sun fi yawa a unguwannin ofisoshi da na ɗalibai, irin Beşiktaş da Kadıköy. Tebur huɗu ko biyar, tukunya biyar ko shida, uwar gida da 'yarta ko ƙanwarta. A nan ake samun abin da ke cin lokaci da haƙuri: sarma, shinkafa da aka naɗe cikin ganyen inabi siri-siri, da mantı, 'yan mitsi-mitsin ƙullin fulawa da nama a ciki, a kwarara musu kindirmo mai tafarnuwa da narkakken man shanu. Hajiyoyinmu da ke zuwa sarin abaya da mayafai, waɗanda zama cikin 'yan dako ba zai yi musu daɗi ba, nan ya fi dacewa da su. In ka gama ka ce wa mai girkin "elinize sağlık", wato Allah ya ba hannunki lafiya, za ka ga fuskarta ta sake, wani lokacin har shayi ya biyo baya kyauta a ɗan kofin gilashin nan mai siririn ƙugu.

Farashi kuwa a Turkiyya ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa duk wanda ya ce maka ya ci kaza a lira kaza bara, ka saurare shi kawai. A watan Oktoba na 2022 hauhawar farashi a hukumance ta haura kashi 85 cikin ɗari, a Mayun 2024 ta sake kai wa wajen 75. A allunan gidajen abinci sai ka ga an manna sabuwar lamba a kan tsohuwa, ita ma a kan wata. Matsin ne ya sa hukumar birnin ta buɗe nata gidajen, Kent Lokantası, na farko a Çapa a 2022, inda aka fara ba da abinci kala huɗu a lira 29, daga baya kuɗin ya ƙaru. Na wuce ta gaban ɗaya na ga layi har waje, yawanci tsofaffi 'yan fansho da ɗalibai. Ban shiga ba. A ganina wanda ya zo da dalar sari bai kamata ya tsaya gaban ɗan fansho a layin tallafi ba, ga lungu cike da masu dafawa da suke jiran cinikinsa. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: in duba kuɗin miyar adas a allo. Ita ce ƙasan farashi a ko'ina, in ta yi tsada to sauran ba sai na tambaya ba.

Saura dare. Ranar da Alhaji ya ce shi fa nama yake so, mukan taka daga Aksaray zuwa Kadınlar Pazarı a Fatih, gindin tsohuwar gadar ruwan nan ta zamanin Rumawa, inda mutanen Siirt ke gasa rago a cikin rami su yanko shi a kan gurasa, büryan ke nan, mai ƙashi ko mara ƙashi. Ba shi da arahar wake, amma mutum biyu za su iya haɗa kuɗi su tashi da maiƙo a baki. Sauran darare kuwa gidan miya muke nema, çorbacı, da yawansu ba sa rufewa har asuba saboda direbobin tasi da masu aikin dare. A can ake samun miyar tumbi da ta kai da ƙafa, a ajiye maka ruwan tafarnuwa da ruwan tsami ka zuba da kanka daidai bakinka. In ma wannan ya yi nisa, akwai masu amalanken gilashi a bakin titi da tulin shinkafa da nohut da zararren naman kaza a sama, fitila na haska su. Ka miƙa kuɗi, a cika maka 'yar roba, ka barbaɗa yajinka, ka ci a tsaye tare da masu jiran motar ƙarshe.